Ni-da-Dakta da Robar da Ke Warkewa da Kanta

Akwai wani mutum a wurin da mijin ƙanwata ke aiki. Ban san sunansa ba, ban san kamanninsa ba, amma na san laifinsa. Shi ne ya zaro wata tsohuwar farar riga irin ta masu bincike, mai aljihu uku da tabon sinadari a hannun dama, maimakon ya jefa ta a shara sai ya miƙa wa mijin ƙanwata ya ce, "Ungo, ka riƙa sawa in za ka share ɗaki." Wannan mutumin shi ya huda mana tanki, ko da kuwa ba hannunsa ne ya riƙe zarton ba. In takardar nan ta faɗa hannunsa, ya sani ina nemansa.

Kafin rigar nan, surukin nawa mutum ne kamar kowa. Masinja ne a wani ɗakin bincike inda wata Dakta ke haɗa roba da zaren tsirrai. Aikinsa shara, wanke kwalabe, kai takarda, kawo takarda. Ranar da ya shigo gida da rigar a jikinsa, ya ɓalla maɓalli har maƙogwaro cikin zafin da kaji ke buɗe baki, daga ranar bakinsa ya canja. "Ni da Dakta mun gano." "Ni da Dakta muna gab da kammalawa." Ko wani ya ce haƙorinsa na ciwo, sai ka ji ni da Dakta. Sati bai zagayo ba duk gidan hayarmu ya manta sunansa, kowa Ni-da-Dakta yake kiransa, shi kuma ya amsa yana gyara wuyan riga.

Ni liƙin roba ne sana'ata, shekara ashirin da shida ke nan. Bokiti, baho, jarka, kujera, duk abin da ya tsage. Ba wanda ya koya mini, yatsuna ne suka yi ta ƙonewa har suka gane. Ka miƙo mini roba biyu, in ɗana musu ƙarfe mai zafi in shinshina hayaƙin, zan gaya maka ko za su kama juna ko kuwa har abada ba za su gaisa ba.

Ƙanwata Auta kuwa wanki da guga take yi. Shekara uku tana sintiri wajen manajan wani otal, sai a satin da abin ya faru ya ba ta gwaji: zannuwan gado arba'in da tawul-tawul, a kawo su Lahadi da safe fes. In ta cika, wankin otal ya zama nata. In ta saɓa, akwai mata biyu a layi suna jira. Famfon gidanmu kuma Asabar kaɗai yake zuwa, da hantsi, ya yi awa biyu ya ɗauke. Duk sana'ar Auta tana cikin wani baƙin tanki da ke kan bulo huɗu a kusurwar tsakar gida.

Litinin da safe tankin ya tsage. Tsagar ba ta kai tsawon yatsa ba, can ƙasa kusa da kan famfo, tana ɗiga ɗis, ɗis. Auta ta ƙwala mini kira. Na hura gawayi na tura ƙarfena a wuta. Aikin minti goma ne, har da gaisuwa. Sai ga farar riga ta fito daga ɗaki.

"Yaya, dakata. Me za ka yi wa tankin nan?"

"Tausa zan yi masa. Me ka ga ina yi?"

"Liƙi? A wannan zamanin?" Ya girgiza kai kamar ya tarar da ni ina ƙyasta wuta da dutsen ƙanƙara. "Ni da Dakta mun yi wata roba. Ka yanka ta da wuƙa, ka ɗan ɗumama ta, ta haɗe kanta kamar ba a taɓa ta ba. Da idona na gani. In ta tsufa a niƙa ta a sake zubawa, ba jefarwa. Ƙarfinta kuma daga ciyawa yake, zaren tsirrai ake cusa mata. Wallahi tausayinka nake ji, Yaya. Nan da baɗi ƙarfen nan naka sai dai a riƙa tone gawayi da shi."

"Wace irin roba ce?"

"Roba dai."

"Sunanta nake tambaya."

"Sunan ba na mutanen waje ba ne."

"Zafi nawa ake ba ta?"

"Wanda ya dace."

Kada wani ya ce na ƙaryata ilimi. Robar tana nan, daga baya na riƙe ta da hannuna. Abin da nake musu shi ne a ce ilimin yana cikin rigar.

Auta ta ja ni gefe. "Yaya, don Allah bar shi ya gwada. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya tashi da sassafe don wani abu na gidan nan ba. In Laraba ta yi bai gama ba, sai ka liƙe."

Na kashe gawayina. Wannan kuskurena ne, na yarda, amma ƙarami ne in aka gwada shi da na mai rabon riga.

Kafin azahar Ni-da-Dakta ya aika wurin aiki cewa ba shi da lafiya, ya kama bin ɗakuna da buhu. Tela, wanda shagonsa ke bakin ƙofa, ya ba shi kujera mai ƙafa uku. Iya, tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe ita da akuyarta, ta ba shi fasasshen baho. Ya tsinci gorunan ruwa, mataji, guntun bututu, warin silifa. Ya yi wa kowa alkawarin sabon kaya wanda jikokinsa za su gada. Ya juye su duka cikin babbar tukunyar da Auta ke tafasa ruwan wanki, ya ɗora a wuta.

Na leƙa. "Kai, robar gora da robar bokiti ba sa haɗuwa. Balle silifa."

"A wutarka ba sa haɗuwa," in ji shi.

Hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, mai wari kamar an gasa taya da gashi. Tela ya fito yana kaɗa wani farin yadi. "Malam, yadin mutane ne fa! Gobe za a zo karɓa!"

"Ƙamshin cigaba ne, Tela. Yi haƙuri."

Sai maganar zaren tsirrai. Ya je bakin titi wurin mai rake ya kwaso tuƙar da mutane suka tauna suka tofar, buhu guda, jiƙe sharkaf, ƙudaje na binta har gida. Na ce masa ɗanyen abu ba ya shiga narkakkiyar roba. Ya ce ni da Dakta ba ma ɓata lokaci. Ya ɗebi hannu biyu ya watsa a tukunya.

Tukunyar ta yi tari, ta yi tsaki, sannan ta yi fash! Wani baƙin dunƙule ya tashi ya manne a bangon Iya. Akuya ta tsinke igiya. Da hayaƙi ya lafa muka ga Ni-da-Dakta tsaye da muciya a hannu, rigar ta yi huji bakwai, girarsa ta hagu babu ita sam.

Ya shafa wurin, ya ce, "Wannan shi ne mataki na farko."

"Matakan nawa ne duka?" in ji Tela. "Don na ga girar taka biyu ce kacal."

Talata ya ƙera wa Iya baho. Ya zuba kwaɓin a kan wani tsohon kwano ya daddanna da cokali, abin ya fito kamar kunkuru da mota ta taka, tuƙar rake na leƙowa ta ko'ina. Ya ajiye shi a rana wai ya nuna. Kafin ya sha ruwa ya dawo, kiyashi sun yi masa layi uku, akuyar Iya kuma ta cinye gefe guda tana lumshe ido.

"Ina bahona?" in ji Iya.

"Iya, ai wannan babbar shaida ce. Robar tamu ba ta cutar da muhalli. Kin ga har dabba ta yarda da ita."

"Ni baho na ba ka, ɗan nan, ba abincin akuya na ce ka dafa ba. In cikinta ya ɗaure, kai za ka zauna ka ɗumama ta har ta warke da kanta."

Laraba da safe aka zo kan kujerar Tela. Ya yi mata ƙafa ta huɗu, kauri kamar cinyar ɗan dambe, ya kira mutane su shaida. Tela mutum ne mai jiki. Ya zauna a hankali. Kujerar ta yi shiru kamar tana tunani, sannan ƙafar ta lanƙwashe, Tela ya tafi da baya, ƙafafunsa a sama, tef ɗin awo a wuya.

"Kada ka tashi!" Ni-da-Dakta ya daka masa tsawa. "Kada ka motsa! Yanzu take warkewa. Nauyi take so da ɗumi, kai kuma kana da su duka biyun."

"Har yaushe?" in ji Tela daga ƙasa.

"Ya danganta."

"Da me?"

"Da yanayi."

Tela ya miƙe yana dafe ƙugu ya ce shi ma ƙugunsa ya danganta da yanayi, kuma in bai warke da kansa ba ya san ɗakin da zai ƙwanƙwasa.

Ni na tafi rumfata, na ce da la'asar in dawo in liƙe tsagar nan a huta, tunda Larabar ta yi. Da na dawo na tarar da zarto a ƙasa da baƙin garin roba a kan bulo. A jikin tankin kuma, inda 'yar tsagar nan take, an manna wani baƙin faci mai faɗin faranti, mai ƙuraje, yana ƙamshin ƙonannen sukari.

"Me ka yi?"

"Tsagar ta yi ƙanƙanta, Yaya. Robarmu ba ta samun wurin kamawa. Sai na ɗan buɗa mata."

"Ka ɗan buɗa mata. Yaya girman buɗin?"

Ya nuna da tafin hannunsa. Sannan ya ƙara ɗayan tafin a gefe.

Abin da na faɗa masa a wurin ba zan rubuta shi ba, don akwai masu karanta mini da nake jin kunyarsu. Auta ta shiga tsakani tana riƙe mini hannu. Na durƙusa na ƙwanƙwasa facin. Ya daskare, ya shige cikin hujin kamar toshiyar kwalba. Bai kama jikin tankin ba, zama kawai ya yi. Na ce wa Auta, "In na ɓamɓare shi yanzu bakin hujin zai ƙara yagewa. Wataƙila ya ɗauki ruwan Asabar in an yi sa'a. Bayan Lahadi in cire shi in yi aikin gaskiya. Amma kada kowa ya taɓa shi. Ko ƙuda ya sauka a kai, ki kore shi a hankali."

Na juya ga mijinta. "Ka ji?"

"Ai ba ya buƙatar kowa," in ji shi.

Asabar da hantsi famfo ya yi gyaran murya ya kawo ruwa. Auta ta zura tiyo a tanki. Zannuwan otal na ɗaure a kan tabarma, sabulu a shirye, dutsen guga cike da garwashi a gefe don ta fara da kayan jiya. Ruwa na hawa, ni ina tsugune gaban facin ina kallonsa kamar mai jinya. Ya wuce rabi, ya kusa wuya, ko ɗigo babu. Wallahi har na fara tunanin ko in nemi afuwa.

Sai na ji hayaniya a ƙofa. Ashe mutumin ya gayyato rabin layi, har da mai raken da ya ba shi tuƙa. A tsakiyarsu ga wata 'yar siririyar mata da jaka a kafaɗa da takalmi mara tsini. Ni-da-Dakta na gabanta yana buɗa mata hanya da hannu biyu.

"Jama'a, ga Dakta!"

Iya ta dube ta sama da ƙasa. "Ke ce Daktar? To ina rigar taki?"

"Tana wurin aiki, Iya. Don kada abu ya zubo mini nake sa ta." Ta dubi masinjanta. "Ba ce mini aka yi ba ka da lafiya ba? Me ya sami girarka?"

"Aiki ne, ranki ya daɗe."

"Ka ce maƙwabtanka na da tambayoyi a kan robar da muke gwadawa. Har na zo da guntu in nuna musu."

"Ba sai kin wahala ba, ranki ya daɗe. Mun wuce guntu." Ya hau kan bulo kusa da tankin ya buɗe hannuwa. "Jama'a! Kun ga wannan facin? Ni da Dakta muka..." Ya saci kallonta. "Wato, bisa tafarkin Dakta. Akwai waɗanda suka ce ba zai riƙe ruwa ba. Ba zan kama suna ba, suna nan tsugune. To ga shi ya riƙe. Amma riƙe ruwa ai ko liƙin gargajiya yana yi. Yanzu za ku ga abin da ƙarfe da gawayi ba za su taɓa yi ba."

Ya sa hannu a aljihu na uku ya zaro wuƙar yanka albasa.

"Maigida," in ji Auta, "don girman Allah ajiye wuƙar nan. Bari in gama wankin, gobe ka yanka duk abin da kake so."

"Kai!" na ce, na yunƙura. Gwiwar mai shekara hamsin ba ta tashi da sauri. Kafin in miƙe ya ja wuƙar daga saman facin har ƙasa.

Wani siririn ruwa ya fito tsiii, ya tsallake mutum biyu ya sami Tela a ido.

"Ku ƙirga goma!" in ji Ni-da-Dakta.

Mutane suka ƙirga goma. Ruwan ya ƙara kauri. Suka kai ashirin. Mai rake ya ce ko a fara daga farko ne. A talatin da biyar Iya ta ce ita ƙirgenta ya ƙare.

"Af! Zafi! Na manta sai da zafi!" Ya diro, ya fizgi dutsen gugar Auta mai garwashi.

"Kada ka..." in ji Dakta.

Ya manna shi a kan facin ya danna da ƙarfinsa duka. Abin ya yi cuuu. Ƙamshin sukari ya cika gidan, akuya ta ɗago kai. Facin ya yi laushi, ya kumbura kamar kunci, sannan ya fito gaba ɗaya, fuf, da ruwan tanki guda a bayansa.

Ruwan ya same shi a ƙirji. Na ga ƙafafu, na ga farar riga, na ga dutsen guga ya yi nasa wuri. Ya gangara da shi tsakar gida har bakin magudana inda ya haɗu da akuya, suka rungumi juna. Mutane suka watse suna ɗage riguna. Takalman da ke ƙofar ɗakuna duk suka bi ruwa suka fita titi a jere. Shi kuwa daga cikin kwata yana ɗaga yatsa yana cewa, "A ba shi lokaci! A ba shi lokaci!"

Dariya ta kece har da masu riƙe ciki. Auta ba ta cikinsu. Ta kife baho ta zauna a kai tana kallon ruwan satinta yana fita ta ƙarƙashin ƙofa. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, a hankali, "Shikenan wankin otal."

Nan dariyar ta mutu.

Dakta ta tsinci facin, ta karya shi da yatsu biyu kamar biskit. "Me ka sa a ciki?"

"Kujera, ranki ya daɗe. Da baho. Da gora. Da mataji. Da silifa."

"Silifa?"

"Don laushi."

"Wannan zaren fa?"

"Rake."

"Ka wanke shi? Ka busar?"

"Ai an riga an tauna shi, ranki ya daɗe."

Ta rufe ido na ɗan lokaci. "Tamu robar ba daga bola ake tsinto ta ba, haɗa ta ake yi musamman don ta iya sake kama kanta. Zaren kuma kwana biyu yake yi ana busar da shi. Kai kake kunna mini akwatin busarwar kullum. Ba ka taɓa tambayar me ke ciki ba?"

"Na ɗauka abincinki ne."

"Dakta," na ce, "a bar karatu, ruwa na tafiya. Saura minti arba'in famfo ya ɗauke."

Na ce wa Iya ta ja tiyo ta cika duk abin da ke da gindi a gidan nan, bokiti, tukunya, har kwanon akuya. Na kwashe sauran garwashin na hura na tura ƙarfena. Na cire murfin tankin na yanko faffaɗan yanki daga jikinsa, don murfi da tanki uwa ɗaya ta haife su, za su kama juna. Amma hujin ya yi girma, roba kaɗai za ta banƙare in ruwa ya yi nauyi. Ina buƙatar ƙyalle mai ƙarfi in binne a tsakiya.

Na dubi zannuwan otal. Auta ta harare ni. Na dubi Tela. Ya ce ko zare ɗaya na yadin mutane ba zai fita shagonsa ba. Sai Dakta ta kama wuyan rigar masinjanta, wanda ya taso yana ɗiga, ta juya ta karanta 'yar takardar da ke ciki.

"Auduga ce zalla," ta ce. "Za ta yi."

"Cire," na ce.

"Yaya, wannan fa rigar aiki ce. Mutuncin ofis ne."

Auta ta miƙe daga kan baho. Ba ta ɗaga murya ba. "Cire."

Ya ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya kamar ana zare masa haƙora. A ƙarƙashi singileti ce mai huji a cibiya. Tela ya sa almakashi ya feɗe bayan rigar gida biyu, da wani irin nishaɗi da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Auta ta tsamo dutsen gugarta, ta zuba sabon garwashi, ta goge ƙyallen har ya bushe ƙayau yana tururi.

"Ka gani?" in ji Dakta ga masinjanta. "Busarwa ake fara yi."

Na goge bakin hujin na gasa shi ya bushe. Na narka roba na shimfiɗa, na ɗora ƙyalle na danna har ya nutse, na ƙara roba, na ƙara ƙyalle, na rufe da yankin murfi na bi gefensa da ƙarfe. Dakta da kanta ta tsuguna ta riƙe mini da filaya, hayaƙi na shigar mata ido. Da ya huce na ce a mayar da tiyo.

Saura minti goma sha biyu muka samu. Tankin ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku, facin ko gumi bai yi ba. Da wannan, da abin da Iya ta tara a bokitai, da jarka biyu da Tela ya jawo daga ƙarƙashin keken ɗinkinsa, Auta ta yi wankinta. Mai ɗauraya da matsa kuwa mijinta ne, cikin singileti, zani arba'in, har la'asar sakaliya, Iya na zaune a kansa tana cewa, "Matse da kyau, ɗan nan, ba ya bushewa da kansa."

Kafin Dakta ta tafi ta ciro guntun robarta, ɗan abu kamar yatsa, ruwan ƙasa-ƙasa, da siraran zare a ciki. Ta yanka shi, ta haɗa bakin, ta ɗora a gefen ƙarfena da ya fara hucewa, ta danne. Da ta ɗaga, na ja, na murɗa, na nemi wurin yankan da farce ban same shi sosai ba. Na ce yaushe zai iso kasuwa. Ta ce da saura, yanzu dai guntu-guntu suke iya yi. Na ce to ƙarfena yana da sauran kwana. Na kuma tambaye ta, tsakaninta da Allah, ko ita ta ba shi rigar. Ta rantse ba ita ba ce, kuma ita ma tana son sanin ko wane ne.

Lahadi da safe zannuwa suka isa otal a ninke. Wankin ya zama na Auta, har yau ita ke yi.

Kuna tsammanin mutumin ya yi laushi? Ran Litinin na same shi a bakin ƙofa ya tare mai gyaran takalmi da wasu mutum biyu, ya kawo su gaban tanki yana nuna musu facina da tsinke. "Kun ga wannan? Roba ce da zaren tsirrai. Auduga. Rigata ce a ciki, da hannuna na bayar. Dakta ta riƙe, ni na sa ido, Yaya ya ɗan taimaka da wuta."

Jiya kuma ya shigo gida da wata sabuwar farar riga, ta fi ta da tsawo, aljihunta huɗu. Ya tsaya a tsakar gida, hannu a baya, ya daɗe yana kallon wayar lantarkin da ta ratsa ta saman ɗakin Iya, yana gyaɗa kai. Iya ta ja akuyarta ciki ta sa sakata.

Shekara tara mutumin nan yana share ɗakin binciken nan bai taɓa huda ko gwangwani ba, sai da aka sa masa riga. To kai mai karatu, in kana ganin mai rabon rigunan nan ba shi da laifi, ka fito ka musa. Amma kada ka zo mini da baki kawai. Ka zo da tankinka cike da ruwa, ka ajiye shi a tsakar gidanmu, ka bar shi kwana uku.